Adakar Baba

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce da yanar ido ce da an kankare ta, Baba ya koma yana gani garau. Amma wannan hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Maganin ɗigawar da zai rubuta na tsare ɗan hasken da ya rage ne kawai. Baba ya ce, "Alhamdulillahi ala kulli halin," ya lalubo sandarsa. A cikin keken da ya dawo da mu Tudun Wada bai ƙara cewa uffan ba, ni ma ban ce ba. Dama ni da shi ba mu saba doguwar magana ba. Gaisuwa ce, sai ga abinci, sai Allah ya yi albarka. A haka muka kwashe shekara talatin.

Ni tela ce, ina da ɗan shago kusa da Kasuwar Barci. Tun da aurena ya mutu a 2012 na dawo gida da ƙananan yarana biyu, manyan biyun ubansu ya riƙe. Da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai hidimar Baba ta dawo kaina gaba ɗaya. Ni ke yi masa wanki, ni ke dama masa kunu, ni ke ɗiga masa magani safe da dare, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma Allah shi ne shaida, akwai abin da ya daskare mini a ƙirji game da shi, kuma na san ya sani.

Masallaci bai gagare shi ba, autana ke ja masa sanda. Rediyonsa ma yana nan a gefen filo. Abin da ya karya Baba rashin karatu ne. Shi mutumin ƙasar Zazzau ne, a ajin yaƙi da jahilci na ƙauyensu ya koyi boko, ya zo Kaduna a 1964 ya kama aiki a wata masaƙa a Kakuri, bai bar ta ba sai da ta rufe. Duk tsawon shekarun nan ba ya fashin Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma in albashi ya ɗan yi saura sai ya ƙaro littafi. Yana tara su a wata baƙar adaka ta ƙarfe mai kwaɗo. Lokacin rikicin watan Fabrairun 2000, da muka baro kudancin gari muka tsallako kogi, an bar gado, an bar kwanukan Inna na jere, amma adakar nan a kansa ya ɗauko ta. Inna ta daɗe tana yi masa gorin wannan.

Wani dare a daminar bara, bayan isha'i, an ɗauke wuta, ruwa na zuba a kwano, sai na ji ya kira ni.

"Uwata."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kama sunana ba. Na ce, "Na'am Baba." Ya ce in jawo adakar da ke ƙarƙashin gado. Ya ciro mabuɗin daga aljihun 'yar-shararsa, ɗaure da wani tsohon zare. Ina buɗewa warin kafur da na tsohuwar takarda ya buge ni. Takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi, wasu bangon ya rabu an ɗinke da zare da allura, ɗinkin Inna ne, na gane hannunta. A shafin farko na kowanne ya rubuta sunansa da shekarar da ya saya, a wasu har da kuɗin, sule kaza da sisi. Ya sa hannu yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana gane su da kauri. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini.

"Magana Jari Ce ne, na ɗaya. Ko za ki ɗan karanta mini?"

Rabona da karanta littafi daga bango zuwa bango tun 1993. Abin da nake karantawa bai wuce Alƙur'ani da azkar ba, sai awon kaya da saƙon waya. Na kunna fitilar caji na fara, harshena yana harɗewa, ina tuntuɓe a kan kalmomin da ban ƙara ji ba tun kakata na da rai. Duk inda na tsaya sai ya ƙarasa mini da ka. Ashe ya haddace shi. Ba labarin yake nema ba, so yake ya ji shi a bakin wani.

Wata guda muka yi a kan littattafan nan uku na Abubakar Imam. Baba ya gaya mini a Zariya aka rubuta su, suka fara fitowa a 1937, kuma shi Imam ɗin ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Yana faɗa yana ɗaga kai kamar ɗan'uwansa ne. Daren da muka kai kan Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin baƙo sannan ta tsorata shi cewa kunnensa maigidan zai yanke, Baba ya yi dariya har da tari. Tun rasuwar Inna ban ji wannan dariyar ba. Ni kuwa abin da ya fi kama ni akun nan ne mai ba da labaran. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, tsuntsu ba shi da takobi ba shi da garkuwa, sai labari. Da labari yake riƙe Musa ɗan sarki dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa halaka. Ina cikin karantawa na lura aikin da nake yi ke nan. Tun da muka fara, Baba ya daina kwanciya da rana yana fuskantar bango, ya koma cin tuwonsa yana cinyewa. Hausar Imam kuwa ban san da me zan kwatanta ta ba sai da ɗinkin hannu na tsofaffin teloli, wanda ko ka juya cikinsa ba za ka ga zare ya yi tsalle ba.

Daga nan muka shiga littattafan gasar 1933, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya. Ruwan Bagaja ya wuce mana da raha, rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya sa har yara suka fara barin waya suna zuwa bakin ƙofa. Ganɗoki bai shige ni ba, yaƙi ne da kirari, Baba ne ya ji daɗinsa. Inda muka fara samun saɓani shi ne Shaihu Umar.

Kafin in buɗe shi sai da Baba ya yi wa marubucin addu'a. Ya ce Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta shi, tun ba a san zai zama Firayim Minista ba. Ya ba ni labarin safiyar 15 ga Janairun 1966, yadda suka wayi gari a Kaduna da labarin an kai hari gidan Sardauna, aka tsaya cirko-cirko a bakin masaƙa ba mai iya kallon wani, daga baya kuma labarin Ɓalewa ya iso daga Legas. A wurin Baba littafin nan na haƙuri ne da neman ilimi: yaro an sace shi, an ratsa hamada da shi, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim, ya zama babban malami da ɗalibai ke kewayewa a Rauta.

Ni ba Umar na gani ba. Uwarsa na gani. Mace ce 'yar Fatika, nan ƙasarmu, ta ɗan je ganin gida ta dawo ta tarar ba ɗanta. Ta bar komai ta bi sawunsa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, ta sha wulaƙanci a ƙasar da ba ta jin harshensu, kuma da Allah ya haɗa su ba ta jima ba ta cika. Da na zo wurin sai muryata ta ƙi fita. Manyan 'ya'yana biyu suna nan cikin garin nan, ba hamada tsakaninmu, amma na yi shekara uku ana hana ni ganinsu. Na san tsayuwa a bakin makaranta daga nesa don kawai in hango ƙeyar ɗana. Na rufe littafin na ce, "Baba, ni fa matar nan ce ta tsaya mini. Shi ya samu ilimi ya samu daraja. Ita me ta samu?"

Ya yi jim, sannan ya ce, "Ƙaddararta ke nan, Uwata. Ladanta yana wurin Allah."

Na ce, "Haka ne Baba." Amma ban gamsu ba. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, sai dai ƙaddarar nan da hannun mutane ta zo mata, kuma na so a ce an ƙara tsayawa a kanta. Duk da haka ina ganin girman littafin, don bai yi wa cinikin bayi kwaskwarima ba. Ya nuna namu ne suke kama namu.

Jiki Magayi ya ƙara mini wannan ƙaiƙayin. Mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta sauka a kan ɗan da aka haifa. Maza biyu ke jan igiya, wuyan uwa da ɗa take shaƙewa. Wannan karon ban ce komai ba, Baba ne ya ce, "Kin yi shiru." Na ce barci nake ji.

Da sanyi ya shigo muka koma wasan kwaikwayo, a nan gidan ya cika. Baba ya ce ba a karanta wasa da baki ɗaya, sai an raba murya. 'Yata mai shekara goma sha bakwai, da autana, da 'ya'yan maƙwabta biyu, kowa aka ba shi nasa, littafi ɗaya yana zagayawa hannu zuwa hannu a ƙarƙashin fitila. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi muka fara. An sha dariya, autana ya iya muryar dattijon da so ya rufe wa ido. Sannan muka ɗauko Uwar Gulma. Na ba 'yata Halima, ɗan maƙwabcinmu ya ɗauki Hayatu. Ba a yi nisa ba, yaron ya daka mata tsawa irin ta mijin da ya raina matarsa, ita kuma ta amsa a ƙasƙance, da wannan siririyar muryar tata. Tsigar jikina ta tashi. Na miƙa hannu na karɓe littafin na ce ni zan yi Halima. Yara suka ɗauka son wasa ne ya kama ni. Ba zan iya jin waɗannan kalaman a bakin 'yata ba ne, ko da wasa. Da na karanta su kuwa ban buƙaci kwaikwayo ba, na taɓa faɗin irinsu a ɗakina, na kuma taɓa yin yaji in zo gidan nan a ce in koma in yi haƙuri. Sau huɗu. Baba yana zaune a kan buzunsa, kansa a sunkuye, yana jan carbi. Ba a ƙarasa fitowar ba ya ce dare ya yi, yara su je su kwanta.

Waƙoƙi su ne a can ƙasan adaka. Da na ɗauko Imfiraji na karanta masa sunan, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Mai da shi." Na ce, "Baba, ba naku ba ne?" Ya ce, "Waƙar makafi za ki karanta mini? Har na kai nan?" Sai a lokacin na tuna da ita almajirai makafi ke yawo ƙofa-ƙofa muna yara. Na mai da shi jikina a sanyaye. Bayan kwana biyu da kansa ya ce in ɗauko. Na fara karantawa kamar yadda nake karanta labari, ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

"Ba haka ake yi ba. Waƙa ba a karanta ta, rerawa ake yi."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko ta da karinta. Tsohuwar murya mai rawa, amma ko baiti ɗaya bai karye ba. Ina bin sa da yatsa a takarda, hawaye na zubo masa daga idanun da ba sa gani, bai share ba. Da ya numfasa ya ce Aliyu Namangi makaho ne tun yana yaro, a Zariya ya rayu, kuma sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya ce, "Shi da bai ga duniyar ba ya fi mu ganinta. Ni da na yi shekara tamanin ina kallo, me zan ce wa Allah in na yi butulci?" Tun daga ranar ya daina jin nauyin a ce masa makaho. Ni ma Imfiraji ta yi mini abin da wa'azi da yawa bai yi mini ba. Tana maganar mutuwa da kabari ba tare da ta daka maka tsawa ba, yabon Annabi kuwa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ka ji kamar mai waƙar yana tsaye a ƙofar Madina. Yanzu ina kan keke a shago sai in tsinci bakina yana rera ta.

Na Sa'adu Zungur sun yi mini nauyi, Larabci ya yi yawa, sai da Baba ya riƙa warware mini Arewa Jumhuriya ko Mulukiya baiti-baiti, yana cewa mutumin nan ya rasu tun 1958 amma kamar jiya ya leƙo Arewa. Fasaha Aƙiliya kuwa daɗin baki ne zalla, Aƙilu Aliyu yana juya Hausa kamar waina a tanda. Amma da muka karanta 'Yar Gagara, muka haɗa da waƙar Mu'azu Haɗeja a kan karuwa, ga kuma Kyallu da muka baro, sai na fara lissafi a raina. A cikin adakar nan, mace ko dai uwa ce mai haƙuri har kabari, ko matar da ake cuta tana kuka, ko kuma annobar da ke rusa gidan mutumin kirki. Ban ce ƙarya suka yi ba, duk akwai su. Amma wa ya tura ta gidan da take? Wa ke zuwa wurinta da dare? Ban ji an tsananta tambaya a nan ba. Kuma yarinyar da ke zaune a aji tana son karatu aka zo aka ce ta tashi, ban same ta a adakar Baba ba.

Ranar da muka kai ƙarshen adaka, ya shafa ƙasanta ya ji ƙarfe, ya ce, "Shi ke nan? To ku ba ku da naku na zamani?"

A nan dole in koma 1993. Ina aji uku na ƙaramar sakandare, shekarata goma sha biyar, ban taɓa wuce ta uku a ajinmu ba, burina in zama malamar makaranta. Lokacin ne littattafan soyayya na Kano suka cika gari, ana ba da hayarsu, muna karɓa-karɓa a ɓoye cikin hijabi. Wata ƙawata ta ara mini In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ban kai rabi ba Baba ya gan shi a jakata. Bai dake ni ba. Ya ɗauke shi da yatsa biyu ya jefa a murhun da Inna ke tuwo, ya tsaya har ya cinye. Mutumin da ke ɗinke bangon littafi in ya yage. Ba a rufa wata huɗu ba aka ɗaura mini aure da wanda ya ba ni shekara ashirin da biyu. Ban rubuta jarrabawar aji uku ba.

Don haka da ya ce ba mu da namu, na san wanda zan kawo, kuma ba zan ɓoye ba, niyyata ba mai kyau ba ce. Wata mai kawo mini ɗinki ta taɓa ba ni labarin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Na ba ta kuɗi ta sa aka nemo a Kano, direba ya kawo tashar Kawo na je na karɓa. So nake in yi wa mahaifina habaici da bakin wata. So nake ya ji zafi.

Da ya ji sunan mace sai ya ɗan yamutsa fuska. Na ce, "Baba, ƙanwar Janar Murtala ce." Ya ce, "Murtala? Allah ya jiƙan maza. To karanta." Ban gaya masa ita ma an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama ba.

Dare uku muna tafiya. Ga Abu, yarinyar ƙauye, an raba ta da aji. Ga ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari, ya yi boko ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Ga uban, kunya da fushi sun sa ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, sa'an kansa. Carbin Baba ya daina motsi. Da na iso daren da aka kai ta ɗakin tsohon nan, marubuciyar ba ta sakaya ba, ni ma ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ya ce, "Ya isa."

Na ce, "Saura kaɗan babin ya ƙare."

Ya ce, "Na ce ya isa. Uban nan ba mugu ba ne. Ba ku san abin da uba ke ji ba. Lokacin nan 'yar maƙwabcinmu ta yi abin kunya, kina tunawa. Masaƙa ana ta rage mutane. A masallaci kullum ana cewa littattafan nan ke lalata yara. Tsoro ne, Uwata. Tsoro na ji."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni ba ku tambaye ni ba. Ni ce ta biyu a zangon nan, takardar tana jakar da kuka ciro littafin, ba ku duba ta ba. Sau huɗu ina zuwa gidan nan da kumburin fuska kuna cewa in koma. Kun ɗauko adakar nan a ka kun tsallake kogi da ita, ni kuwa littafi ɗaya na aro kuka sa a wuta." Ina faɗa ina kuka, muryata ta kai tsakar gida. Shekara talatin da ɗaya ban faɗa ba.

Bai amsa ba. Ya lalubi filo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Daren nan ban runtsa ba. Abin da na ƙulla ya faru, ya ji zafin, amma ban ji sanyin da na zata ba. Na tsare tsoho makaho a ɗakinsa, wanda ba ya iya tashi ya fita, na sa shi sauraron abin da na zaɓa don in soke shi. Da asuba na durƙusa a bakin gadonsa na ce, "Baba, ku yafe mini, na ɗaga muku murya." Ya ce, "Ba ki yi mini komai ba. Allah ya yi miki albarka." Muka koma gidan jiya, gaisuwa da ga abinci. Dare huɗu ba karatu. Na tura littafin ƙarƙashin tarin yadi a shago, ban ƙara buɗe shi ba.

A dare na biyar ina ɗiga masa magani, kansa a ɗage, sai ya ce, "Yarinyar nan, ya ta ƙare?"

Na ce, "Ban sani ba Baba. Ban karanta gaba ba."

Ya ce, "Gobe ki zo da shi."

Muka ci gaba. Abu ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu da girmanta, ta dage har ta zama ma'aikaciyar asibiti, waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarmarta. Zan faɗi gaskiyata a kan littafin: ba shi da tsaftar aikin Imam. Akwai kuskuren ɗab'i, akwai wuraren da aka yi sauri, kuma ƙarshen ya fi abin da yawancinmu muke samu daɗi. Na san mata da yawa da suka gudu ba su tarar da mai riƙe su ba. Amma a duk abin da na karanta a shekarar nan, shi kaɗai ne na buɗe na tarar da kaina a ciki, da hijabina na makaranta da komai. Baba ma da muka gama ya yanke nasa hukuncin. Ya ce, "Hausarta ba ta kamo ta Imam ba. Amma ba ta yi ƙarya ba."

Na rufe littafin ina shirin kashe fitila, ya ce, "Uwata, ki ci gaba da karatu."

Na ce, "Baba, ai ya ƙare."

Ya ce, "Na sani."

Na daɗe a zaune kafin in iya tashi. Bai ce in yafe masa ba, kuma ban jira ya ce ba, ba a haka aka gina su ba. Na yafe masa a kan sallayata, tsakanina da Allah, ko da yake har yau in na wuce 'yan mata da kayan makaranta sai na ji abin ya motsa.

Bayan ƙaramar salla na yi rajista a ajin manya da ake yi a wata firamare kusa da mu, kwana uku a mako bayan la'asar. Ina rufe shago da wuri, na rasa wasu masu kawo ɗinki saboda haka. Lissafi na ba ni wuya, 'yata ke zaunar da ni da dare tana nuna mini. Kuɗin rajistar Baba ne ya biya, daga abin da ƙanina ke aiko masa, ya ƙirga su da lalube ya damƙa mini, ya ce kada in yi masa gardama. Duk ranar da na dawo sai ya tambayi abin da aka koya mana kafin ya karɓi abinci.

Yanzu muna kan Alhaki Kuykuyo Ne, shi ya ce a nemo wani na matar nan. Mun kai inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Baba yana ta salati yana cewa wannan mutum bai ji tsoron Allah ba. Shekaranjiya kafin mu fara ya ce in kawo wancan na farkon. Ya shafa bangonsa gaba da baya, ya ce in ɗauko biro.

"Rubuta sunanki a shafin farko, da shekara, da kuɗin da kika saya. Sunanki na yanka."

Na rubuta. Ya ciro mabuɗin da tsohon zarensa ya ce in sa shi a adaka. Wuri ya yi kaɗan, sai da na fito da su duka na sake jerawa, na ɗora shi a kan Imfiraji, sannan murfin ya rufu. Na miƙa masa mabuɗin, ya ce in riƙe a wurina.